Satar zanen tufafi: Yadda dokokin ƙasashe ke kare masu ƙirƙira, da inda Najeriya ta tsaya

A watan Yunin 2025 kamfanin Prada na Italiya ya baje kolin kayan maza a birnin Milan, a cikinsu har da wasu takalman fata masu buɗaɗɗen gaba. Kafin a kwana biyu surutu ya kaure a Indiya, domin takalman sun yi kama ƙwarai da na Kolhapuri, waɗanda dukawan jihohin Maharashtra da Karnataka suka gada tun kaka da kakanni. Daga baya kamfanin ya amsa cewa daga can ya samo tunanin. Watanni biyu bayan nan kamfanin Adidas ya nemi gafarar mutanen garin Villa Hidalgo Yalálag da ke jihar Oaxaca ta Meziko, saboda wani takalmi da ya fitar bisa salon saƙar fatarsu ba tare da ya tuntuɓe su ba. A ƙarshen watan Satumba kuma Ghana ta sanar da yi wa yadin kente rajista a matsayin kayan da sunansa ke ɗaure da yankin da ake saƙa shi.

Waɗannan abubuwa uku da suka faru cikin watanni huɗu sun sake taso da tsohuwar tambaya: idan mutum ya ɓata dare da rana ya fito da sabon samfurin riga ko takalmi ko zanen atamfa, wani kuma ya kwaikwaya ya sayar da araha, me doka za ta yi masa? Amsar ta danganta da ƙasar da abin ya faru. Rigar da kotun Faransa za ta hana a kwafa, a Amurka ana iya ɗinka irinta dubu ba tare da an taka doka ba.

Dokoki huɗu a kan riga ɗaya

Kafin a shiga bambancin ƙasashe, ya kamata a fayyace hanyoyin kariyar, domin sau da yawa akan cuɗa su wuri ɗaya. Ta farko ita ce haƙƙin mallakar mawallafi, wanda ke kare littafi da waƙa da zanen hannu. Ba ya buƙatar rajista, kuma a ƙasashe da yawa yakan kai shekara 70 bayan rasuwar mai aikin. Ta biyu rajistar zanen masana'antu, wadda ke kare kamannin abu, wato siffarsa da layukansa da launukansa, na wasu shekaru ƙididdigaggu. Ta uku tambarin kasuwanci, wanda ke kare suna ko alamar da mai saye ke gane kamfani da ita, kuma ana iya sabunta shi har illa ma sha Allahu. Ta huɗu alamar asalin yanki, wadda al'umma ce ke mallakarta, ba mutum ɗaya ba.

Yarjejeniyar TRIPS ta 1994, wadda ta hau kan duk ƙasashen da ke cikin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, ta wajabta a ba sabon zane kariyar da ba ta gaza shekara 10 ba. Ta kuma ambaci zanen yadi da suna, inda ta ce kada tsada ko wahalar rajista su hana mai shi samun kariya. Sai dai ta bar wa kowace ƙasa zaɓin hanyar da za ta bi, kuma daga nan ne aka rarrabu.

Amurka: tambari na da kariya, yanka ba shi da ita

A dokar Amurka tufa abin amfani ne, kamar kujera ko cokali, don haka haƙƙin mawallafi bai shafi yanka da ɗinkinta ba. Abin da ake karewa shi ne adon da za a iya raba shi da rigar a tunani har ya tsaya da kansa a matsayin zane. Kotun Ƙolin ƙasar ta tabbatar da wannan a watan Maris na 2017, a shari'ar kamfanonin Star Athletica da Varsity Brands kan rigunan 'yan matan da ke zuga 'yan wasa a filaye. Alƙalai shida daga cikin takwas suka ce layuka da ratsin launukan da ke jikin rigar za su iya samun kariya, amma siffar rigar da tsawonta da faɗinta kowa na iya ɗinkawa.

Masu sana'ar sun daɗe suna neman a sauya wannan tsari. A shekarun 1930 manyan masu ɗinkin birnin New York sun haɗa ƙungiya, suka yi alkawarin daina sayar wa duk kantin da aka kama da kayan kwaikwayo. A 1941 Kotun Ƙoli ta ce wannan ƙauracewar ta saɓa wa dokar gasar kasuwanci. Daga 2006 zuwa 2012 an sha gabatar da ƙudurori a majalisar dokoki domin a ba sabon samfurin tufa kariyar shekara uku, har da wanda Sanata Chuck Schumer ya ɗauki nauyi, amma babu wanda ya zama doka.

Saboda haka manyan kamfanoni suka koma ga tambari. A 2012 kotun ɗaukaka ƙara ta New York ta yarda cewa jan launin da Christian Louboutin ke shafa wa ƙasan takalmin mata tambarinsa ne, da sharaɗin launin saman takalmin ya bambanta. A shari'ar ɗin dai kamfanin Yves Saint Laurent ya tsira, domin nasa takalmin ja ne sama da ƙasa. Akwai kuma rajistar zane mai shekara 15, sai dai takan ɗauki watanni masu yawa kafin ta fito, alhali yayin riga kan wuce a 'yan watanni. Sakamakon wannan tsari shi ne mai suna da lauyoyi yana da makami, sabon shiga kuwa da bai yi suna ba kusan hannunsa biyu ne.

Turai: kariya tun daga ranar baje koli

Tarayyar Turai ta bi wata hanya dabam. Dokar zane ta 2002 ta ba kowane sabon zane kariyar shekara uku kai tsaye daga ranar da aka fara nuna shi a cikin tarayyar, ba tare da cike takarda ko biyan kuɗi ba, muddin dai kwafa aka yi. Wanda ke son fiye da haka zai yi rajista a ofishin tarayyar da ke Alicante ta ƙasar Sifen, ya riƙa sabuntawa duk bayan shekara biyar har zuwa shekara 25. An kuma ba shi wa'adin wata 12 bayan fitar da kayan kasuwa, ya ga wanda ya karɓu kafin ya kashe kuɗin rajista. Wannan tsari ya dace da sana'ar da ke fitar da samfuri ɗaruruwa a shekara, ba tare da an san wanda zai yi farin jini ba.

Faransa ta zarce haka, domin kundin dokarta ya ambaci kayan sawa da na ado na yayi a jerin ayyukan da haƙƙin mawallafi ke karewa. Da wannan ne Yves Saint Laurent ya yi nasara a kan Ralph Lauren a kotun kasuwanci ta Paris a 1994, kan wata doguwar rigar mata mai yankan kwat ɗin maza. Tarihin abin ya yi nisa a wannan nahiya: tun 1787 Ingila ta yi dokar da ta ba masu buga zane a kan yadin auduga da lilin kariyar wata biyu.

A watan Satumban 2019 Kotun Tarayyar Turai, a shari'ar Cofemel da G-Star kan wanduna da riguna, ta ce tufa na iya samun haƙƙin mawallafi idan ta nuna zaɓi da basirar mai ƙirƙira, kuma ba a buƙatar sai ta kai wani matsayi na ƙayatarwa. Duk da haka ƙofar ba a buɗe take ga kowa ba. A watan Fabrairun 2025 babbar kotun tarayyar Jamus ta ƙi amincewa da cewa takalman Birkenstock aikin fasaha ne, ta ce buƙatar ƙafa ce ta tsara siffarsu.

Asiya: kowace ƙasa da tarkonta

Japan ta yi amfani da dokar hana gasa ta rashin adalci, wadda ta haramta sayar da kwafin kaya sak na tsawon shekara uku daga ranar da aka fara sayar da na asali a ƙasar. A ƙarƙashinta ne kamfanin Uniqlo ya kai ƙarar Shein a Tokyo kan wata ƙaramar jakar rataye, kamar yadda ya sanar a watan Janairun 2024.

A Indiya akwai ƙa'idar da ta kayar da mutane da yawa. Idan zane ya cancanci rajista amma ba a yi masa ba, da zarar an buga shi a masana'anta fiye da sau 50, haƙƙin mawallafi ya faɗi. A 2016 kamfanin Ritika, mai tambarin fitacciyar mai tsara tufafi Ritu Kumar, ya sha kaye a hannun kamfanin Biba a babbar kotun Delhi saboda wannan dalili. A Sin kuma wanda ya riga rajistar tambari shi ke da fifiko, abin da ya sa ɗan wasan kwando Michael Jordan ya yi shekaru yana shari'a da kamfanin Qiaodan kafin Kotun Ƙolin ƙasar ta ba shi gaskiya kan rubutun sunansa da haruffan Sinanci a watan Disamban 2016.

Gadon al'umma ba shi da mawallafi

Duk waɗannan dokoki an gina su ne a kan abu biyu: a san wanda ya ƙirƙira, kuma abin ya zama sabo. Kente da adire da saƙi da ɗinkin aska takwas na babbar riga ba su cika ko ɗaya ba. Babu wanda zai nuna mutum ɗaya ya ce shi ya fara, kuma sun girmi dokokin. A idon dokar da aka saba, kayan kowa ne. Abin da ke ci wa masu gadon tuwo a ƙwarya shi ne kamfanin da ya ɗauka ya ɗan sauya yana iya yi wa nasa rajista, su kuwa masu asalin ba su da abin riƙewa.

Meziko ta yi ƙoƙarin toshe wannan ɓaraka. Bayan rikicin 2015 da mai tsara tufafi ta Faransa Isabel Marant kan rigar al'ummar Mixe, da wasiƙar ƙorafi da ministar al'adu ta aika wa kamfanin Carolina Herrera a 2019, ƙasar ta kafa doka a watan Janairun 2022 wadda ta ce gadon al'adu mallakar al'ummarsa ne baki ɗaya, kuma amfani da shi ba da yardarsu ba na iya jawo tara da ɗauri. Kenya ma ta yi makamanciyarta a 2016. Dokar haƙƙin mallaka ta Ghana ta 2005 kuwa ta sanya zanen kente da adinkra cikin gadon da gwamnati ke riƙe wa jama'a amana.

Raunin waɗannan dokoki shi ne iyakarsu bakin iyakar ƙasa. Takalman Kolhapuri sun samu alamar asalin yanki tun 2019, amma alamar suna take karewa. Prada bai kira nasa Kolhapuri ba, kuma a Milan ya nuna su. Da wasu lauyoyi suka kai ƙara babbar kotun Bombay, ta kore ta a watan Yulin 2025, ta ce masu riƙe da rajistar ne ke da hurumin kai ƙara. Haka abin yake ga kente: rajistar za ta taimaka wa masaƙan Bonwire da Adanwomase da Agotime Kpetoe su hana a kira bugun inji da sunan kente, amma ba za ta hana wata masana'anta a ƙetare buga launukan a kan yadi ta ba shi wani suna ba. A irin waɗannan rigingimu sau da yawa kunya ce ke aiki fiye da kotu. A 2018 kamfanin Zara ya janye wasu safa daga kantunansa bayan Laduma Ngxokolo na Afirka ta Kudu, mai tambarin MaXhosa, ya yi ƙorafin an kwafi zanensa, jama'a kuma suka mara masa baya a shafukan sada zumunta.

Najeriya: tsohuwar doka, sabuwar kasuwa

Dokar da ke kula da rajistar zane a Najeriya ta 1970 ce. Tana ba da kariyar shekara biyar, a sabunta sau biyu, jimilla shekara 15. Dokar tambarin kasuwanci ta 1965 ce, inda rajista ke ɗaukar shekara bakwai da farko, sannan a riƙa sabuntawa duk shekara 14. Ofishin rajistar duka biyun yana ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari, kuma Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai ke da hurumin sauraron irin waɗannan ƙararraki.

Sabuwar dokar haƙƙin mallaka, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta kawo gyare-gyare musamman kan satar fasaha a intanet. Sai dai ta riƙe tsohuwar ƙa'idar da ke cewa zanen da mai shi ya yi da nufin ya zama samfurin masana'antu bai cancanci haƙƙin mawallafi ba. Ke nan an tura mai tsara tufafi zuwa ofishin rajista. A can kuma akwai sharaɗi mai tsauri: dole zanen ya zama ba a taɓa bayyana shi ga jama'a ba kafin ranar neman rajista, in ban da nuni a baje kolin da hukuma ta amince da shi cikin wata shida da suka gabata.

A nan ne dokar 1970 ta yi karo da kasuwar yau. Matashiyar da ke ɗinka abaya ko kayan amare a Kano ko Kaduna ko Abuja, kantinta Instagram ne da TikTok da WhatsApp. Da ta gama sabon samfuri sai ta ɗora hotonsa, domin ta haka ciniki ke zuwa. Wannan ɗorawar na iya zama hujjar cewa zanen ya daina zama sabo, ta rasa damar rajista, kuma babu kariyar shekara uku irin ta Turai da za ta faɗa a kai. Ta yi shuka, kowa na iya girbi.

Masu yadi su ma suna da nasu kukan. Marinan Abeokuta sun daɗe suna ƙorafi kan adiren bugun inji da ake shigowa da shi daga Sin, ana sayarwa ƙasa da kuɗin da su ke kashewa. A 2015 marinan Kano sun yi zanga-zanga zuwa fadar Sarki kan irin wannan gasa, a garin da ake danganta karofin Ƙofar Mata da shekarar 1498. Masu ɗinkin hula da hannu, waɗanda kan shafe makonni a kan hula ɗaya, suna kallon ta inji tana kwaikwayon zanensu a kan farashi kaɗan. Dokar haƙƙin mallaka ta tanadi kariya ga kayan gargajiya ƙarƙashin kulawar Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa, wato NCC, amma ƙasar ba ta da doka ta musamman kan alamar asalin yanki.

Maƙwabta sun ɗan yi gaba ta wannan fuska. Nijar da Kamaru da Chadi suna cikin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, inda rajista ɗaya ke aiki a ƙasashe 17. Ta hanyarta ne kilishin Nijar da albasar Galmi suka samu alamar asalin yanki. Ghana da Sudan suna cikin ƙungiyar ARIPO da ke Harare. OAPI da Ghana kuma suna cikin tsarin Hague, wanda ke ba mutum damar neman kariyar zane a ƙasashe da dama da takarda ɗaya. Najeriya ba mamba ba ce a ko ɗaya daga cikin ukun, don haka mai zane daga Legas ko Kano sai ya bi ƙasashe ɗaya bayan ɗaya.

Ba kowa ya yarda da tsaurarawa ba

Akwai masana da ke ganin kwaikwayo ba cuta ba ne ga wannan sana'a. A 2006 malaman shari'a biyu na Amurka, Kal Raustiala da Christopher Sprigman, sun kawo hujjar cewa kwafa ce ke sa yayi ya bazu da sauri ya gundure mutane, su nemi sabo, kasuwa ta ci gaba da juyawa. Suka ce ga Amurka nan, babu kariya mai ƙarfi amma sana'ar ba ta mutu ba.

Wannan magana tana da nauyi a Najeriya. Yawancin ɗinkin da ake yi a unguwanni ya ginu ne a kan hoton da mai kaya ke miƙa wa tela a waya, ta ce irin wannan take so. Dokar da za ta mayar da wannan laifi za ta shafi abincin dimbin teloli, kuma manyan kamfanoni masu lauyoyi ne za su fi cin moriyarta. Sai dai hujjar ta 2006 an kawo ta ne kafin zamanin kamfanonin intanet da ke iya ganin hoto yau su fitar da kwafinsa kasuwa cikin 'yan kwanaki. A da mai ƙirƙira yana da 'yan watannin da zai mayar da jarinsa kafin masu kwaikwayo su iso. Wannan tazarar ce ta kusa ɓacewa, kuma ƙananan masu sana'a ta fi shafa. Bambancin da ya kamata doka ta yi shi ne tsakanin telan da ya ɗinka wa mutum ɗaya riga, da masana'antar da ta buga kwafi dubbai don sayarwa.

Abin da ya rage a yi

A watan Nuwamban 2024 ƙasashen da ke cikin Hukumar Kula da Mallakar Fasaha ta Duniya, wato WIPO, sun amince da wata yarjejeniya kan dokar zane a birnin Riyadh na Saudiyya. Daga cikin tanade-tanadenta akwai wa'adin wata 12 bayan bayyana zane, wanda mai shi zai iya neman rajista a ciki. Wannan tanadi kaɗai, da za a shigar da shi dokar Najeriya, zai warware matsalar masu tallar kayansu a waya. Ƙasashen Afirka ma sun amince da ƙa'idar mallakar fasaha ta yarjejeniyar kasuwanci maras shinge ta nahiyar a watan Fabrairun 2023, abin da ke nufin gyaran dokokin cikin gida ya zama wajibi ko ba daɗe ko ba jima.

Gyare-gyaren da ke gaban Majalisar Dokoki ta Ƙasa a bayyane suke: wa'adin rangwame kafin rajista, gajeriyar kariya ba tare da rajista ba wadda za ta tsaya kan kwafi sak na kasuwanci, dokar alamar asalin yanki domin adire da aso-oke da akwete da rinin Kano, da kuma sauƙaƙa rajistar ta yadda mai shago a Kantin Kwari zai iya yinta daga inda yake. Gwamnatocin jihohi su ma suna da rawar takawa wajen tsara ƙungiyoyin masaƙa da marina, domin alamar asalin yanki ba ta aiki sai da ƙungiyar da za ta rubuta ƙa'idar sana'ar ta kuma sa ido a kanta.

Kafin a kai ga haka, abin da ke hannun mai sana'a shi ne ya yi wa sunan kasuwancinsa rajistar tambari, ya nemi rajistar samfurin da ya fi sa rai a kansa kafin ya ɗora hotonsa, ya adana zanensa na farko da kwanan wata, ya kuma rubuta yarjejeniya da telolin da ke masa aiki kan wanda ya mallaki zanen. A gaban Babbar Kotun Tarayya waɗannan takardu ne za a fara tambayarsa.